Ɗan Yaye Ya Ƙi Abinci: Tsirfa Ce Ko Ciwo?

Da la'asar sakaliya, a tsakar gidaje da dama tun daga Zariya har Damagaram, akan sha ganin rigima iri ɗaya. Uwa na zaune bisa tabarma da kwanon tuwo da miyar kuka, ɗanta da bai wuce shekara biyu ba ya datse baki ya kau da kai. Ta yi lallashi, ta yi wasa, ta yi masa kirari, daga baya ta ce ga Dodo nan zuwa. Lomar da ta yi sa'a ta shiga sai ya ajiye ta a kumatu, can an jima ya furzar. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, wannan yaron wata bakwai ko takwas da suka wuce duk abin da aka miƙa masa buɗe baki yake kamar ɗan tsuntsu.

Nan da nan masu shawara za su taru. Kakarsa za ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Ke 'yar nan, miƙo min shi in yi masa ɗura, ubansa ma haka na raine shi." Maƙwabciya za ta ce a aika kemis a sayo maganin cin abinci, nata yaron kwalba ɗaya ya sha ya murmure. Maigida kuwa in ya dawo da magariba sai ga shi da biskit da lemon kwali, ya ce ko wannan ya samu ya ci ai ya fi ya kwana da yunwa. Ƙauna ce ta sa kowannensu magana. Sai dai shawarwarin nan uku kowace na iya dagula abin da ake neman gyarawa, ta kaka ma tana iya kisa.

Kafin a kai ga magani akwai tambayar da ba a cika tsayawa a yi ba: yaron nan ƙalau yake yana tsirfa, ko kuwa ciwo ne ya ɗauke masa ci? A gaban kwano su biyun kamarsu ɗaya, amma abin da ya kamata a yi wa kowanne daban ne.

A fara da mai lafiyar, don shi ya fi yawa. Jaririn da aka haifa da nauyin kilo 3 yakan kai kilo 9 ko 10 ranar da ya cika shekara, wato ya ninka nauyinsa sau uku cikin wata 12. Ba zai sake irin wannan girman ba har ya bar duniya. A shekara ta biyu abin da yake ƙarawa bai wuce kilo 2 zuwa 3 ba, daga nan kuma wajen kilo 2 a kowace shekara. Ginin da ya rage sauri dole ya rage cin ƙasa da ruwa. Uwa tana gwada cin bana da na bara tana tsorata, shi kuwa jikin yaron buƙatar bana yake bi. Ga tatata ta wuce an shiga guje-guje, kitsen jarirantaka ya zube, kumatu sun faɗa, wuya ya fito. Sai ido ya ga rama a inda tsawo ake yi.

Cikinsa ma ƙarami ne fiye da yadda ake zato. Lissafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke aiki da shi wajen mililita 30 ne ga kowane kilo na nauyin yaro. Mai kilo 10 ke nan cikinsa ba ya ɗaukar abin da ya wuce mililita 300 a zama guda, alhali ledar fiya wata ɗaya mililita 500 ce. Malmalar tuwon da ake ajiye masa takan fi ƙarfin cikinsa tun bai sa hannu ba. In ya ci kashi ɗaya cikin uku ya ture kwano, sai a ce yau bai ci komai ba.

Wata masaniyar halayyar yara 'yar Amurka, Leann Birch, ta shafe shekaru sama da talatin tana nazarin yadda yara ke cin abinci, kuma da yawan abin da likitocin yara ke faɗa a yau daga aikinta ya fito. A 1991 ita da abokan aikinta suka auna duk abin da yara 15, 'yan shekara 2 zuwa 5, suka ci cikin kwana shida. In aka dubi kowane zama shi kaɗai babu tsari ko kaɗan: yau a cinye karin kumallo tas, gobe a taɓa a bari. Amma da aka haɗa cin yini guda sai aka ga bambancin wannan rana da waccan wajen kashi 10 cikin 100 ne kawai. Yaron da ya yi wa abincin rana tsakure yakan rama da dare ko da safe. Saboda haka kwano ɗaya ba ya ba da labarin cin yaro, sai an dubi na mako.

Sannan ga ƙyamar baƙon abinci, wadda kan fi ƙarfi tsakanin shekara 2 da 6. Masana na ganin ba banza ta zo daidai lokacin da yaro ya fara yawo shi kaɗai ba: wanda ke tsoron sa baƙon ganye a baki ya fi tsira daga guba. Shi ya sa ɗaci ya fi damun yara, zaƙi kuwa tun ranar haihuwa suke sonsa. Akwai kuma gado a ciki. Wani bincike da masanan jami'ar UCL ta Landan suka fitar a 2024, bayan sun bi tagwayen gidaje wajen 2,400 da aka haifa a 2007, ya nuna cewa kusan kashi 60 cikin 100 na bambancin tsirfar yara a wata 16 daga gado yake, daga shekara 3 zuwa sama kuma ya haura kashi 70. Wannan ya kamata ya kai kunnen masu ɗora wa uwa laifi, su ce ita ta sangarta shi ko ba ta iya girki ba. A ɗaki ɗaya, daga tukunya ɗaya, ana samun mai cin komai da mai tsince albasa daga miya.

Abu na ƙarshe game da mai lafiya shi ne shekarunsa. Ɗan shekara biyu ya gano kalmar "a'a" kuma yana jin daɗinta. Ba shi ke zaɓen lokacin wanka ba, ba shi ke zaɓen riga ba, in ya ƙi tafiya a ɗauke shi cak. Baki ne kaɗai ƙofar da makullinta ke hannunsa. Da zarar ya lura cewa datse shi na sa gida duka ya taru a kansa, ya samu abin wasa.

To, littattafan renon yara na Turai da Amurka daga nan sukan ce a kwantar da hankali, yaro ba ya kashe kansa da yunwa. Wannan magana ba za a ɗauko ta a dire a ƙasar Hausa yadda take ba. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57. Kashi 68 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 kuma suna da ƙarancin jini. A irin wannan wuri tsoron uwa yana da dalili. Yaron da tamowa ta kama sha'awar abincin ce ke mutuwa, in aka jira yunwa ta sa shi ci sai dai a jira gawarsa. A cibiyoyin kula da tamowa ma abin da ake fara yi shi ne a ba yaro abincin nan na gyaɗa da madara na cikin leda a ga ko zai ci. Wanda ya ci sai a ba uwa na mako ta tafi gida. Wanda ya kasa, gado ake ba shi.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A nan kam mudun ake buƙata, kuma yana nan kyauta ko da kuɗi kaɗan: sikelin awo da katin da ake ba uwa a asibiti. Mata da yawa kan daina zuwa awo da zarar an gama allurar rigakafi, daidai lokacin da rigimar abinci ke farawa. In layin nauyin yaro a kati yana hawa, ko da a hankali ne, yana wasa, yana rigima, yana barci, yana fitsari da bayan gida yadda ya saba, to abin da yake ci yana isarsa komai ƙanƙantarsa a ido. In layin ya tsaya wata biyu ko uku, ko ya juyo ƙasa, magana ta canza. Akwai kuma ɗan tef ɗin nan mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. Kore, sama da santimita 12.5, lafiya, rawaya gargaɗi ne, ja, ƙasa da 11.5, tamowa ce mai tsanani. A wurare da dama a Nijar da Najeriya an koya wa iyaye mata yin wannan awo da kansu a gida.

Mai tsirfa yana da abin da yake so. Zai ƙi tuwo ya cinye ƙosai, zai ƙi miya ya bi yayarsa yana kukan awara. Mara lafiya kuwa har abin da yake ƙauna yake turewa. Zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ƙyanda, ciwon kunne, gyambon baki, tsutsar ciki, taurin bayan gida da ƙarancin jini duk suna ɗauke ci. Fitar haƙori ma takan rage shi na kwana biyu ko uku, sai dai an ɗora wa haƙori laifin da ba nasa ba: yaro na zazzaɓi da gudawa mako guda ana cewa haƙori ne, har jiki ya ƙare. Yaron da ya kasa shan komai ko kama nono, ko yake amayar da duk abin da ya shiga, ko ya yi laushi ba ya kula kowa, ko ya yi jijjiga, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura har in an danna yatsa ya bar rami, ba a kwana da shi a gida. Wanda ya tashi daga ciwo kuma shawarar ma'aikatan lafiya ita ce a ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har mako biyu, don ya mayar da abin da ya zube.

Yanzu a koma ga shawarar kaka. Ɗura kowa ya san ta: a kwantar da yaro a cinya, a matse ƙafafu da hannaye, a tara tafin hannu a bakinsa a zuba koko, a toshe hanci har sai neman numfashi ya sa ya haɗiye. Maƙogwaro hanya biyu gare shi, ta abinci da ta iska, kuma yaro mai tsala ihu ta iskar ce a buɗe. Kokon da ya bi ta nan huhu yake sauka. Wani ya ƙware ya yi tari ya wuce, wani bayan kwana biyu a kai shi asibiti da zazzaɓi da numfashi sama-sama, ciwon huhu ya kama shi, wani kuma a cinyar ake rasa shi. Garin neman gira a rasa ido. Gaskiya ne dubban mutane an yi musu ɗura sun girma, amma waɗanda ba su girma ba ba sa nan balle su ba da nasu labarin. Duk kakar da ta san inda kokon ke iya bi ba za ta sake tara hannu ba, don haka aikin ɗa ne ya zauna da mahaifiyarsa ya yi mata bayani cikin ladabi, kada a bar suruka ita kaɗai da wannan nauyi.

Haka batun cire belu. Har yau akwai gidajen da in yaro ya ƙi ci ko yana yawan amai sai a kira wanzami. Belu ba ya hana cin abinci. Yanke shi kuwa na jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, ga raɗaɗin da zai sa yaron ya ƙara gudun haɗiya.

Ko ba a kai ga ɗura ba, matsin baki kaɗai yana da tasa illar. A 2006 Birch da abokan aikinta suka ba yara 'yan nazare miya iri biyu na tsawon makonni. A kan ɗaya ana ta nanata musu su shanye, ɗayar kuma ba a ce komai. Yaran sun fi shan wadda ba a matsa musu ba, wadda aka matsa kuwa ita suka riƙa kushewa. Cin hanci ma haka yake. "Cinye tuwon in ba ka alawa" darasi biyu yake koyarwa: alawa ita ce abin so, tuwo kuma wahalar da ake sha kafin a kai gare ta. Ita kuwa wayar da ake kunna wa yaro katun ana cusa masa loma, abincin na shiga, amma bai gan shi ba, bai taɓa shi ba, bai ji lokacin da ya ƙoshi ba. Ranar da babu caji babu ci.

Shawarar maƙwabciya ta fi kama da ta zamani, shi ya sa ta fi yaɗuwa. Da yawa daga cikin ruwan maganin da ake sayarwa a kemis da sunan buɗe ciki na ɗauke da sinadarin da ake rubutawa cyproheptadine a jikin kwalba. Asalinsa maganin ƙaiƙayi da borin jini ne, ƙara ci ɗin a gefe ya zo. Yana sa barci da kasala, ba a yarda a ba yaron da bai kai shekara biyu ba, kuma in aka wuce ƙima yana iya sa ruɗewa da jijjiga. Da an daina, cin ya koma gidan jiya, ita kuwa cutar da ta ɗauke cin, in akwai ta, tana nan tana aikinta a ɓoye. Mafi muni su ne ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe", irin su dexamethasone. Kumatun da suke kawowa kumburi ne, suna raunana garkuwar jiki, suna kuma tauye tsawon yaro. Abin da ma'aikatan lafiya ke bayarwa da hujja daban ne: maganin tsutsar ciki daga shekara ɗaya, bitamin A duk wata shida, zinc tare da ruwan gishiri da sukari in ana gudawa, maganin ƙarin jini in gwaji ya nuna buƙata.

Ledar maigida fa? Ita ce aka fi rainawa, kuma a gidajen birni ita ce kan gaba wajen kashe cin yara. A tuna da cikin nan mai mililita 300. Kwalin lemo ɗaya da biskit biyu da ƙarfe biyar sun gama da tuwon ƙarfe bakwai. In aka zauna aka ƙirga abin da "yaron da ba ya cin komai" ya sa a baki daga safe zuwa dare, sai a sha mamaki: shayi da burodi, cincin a ɗakin kishiya, alawa daga mai kanti, rabin fakitin taliyar yara, madara kofi uku. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce ko ruwan 'ya'yan itace na gaske kada a ba wanda bai shekara ba, daga shekara 1 zuwa 3 kuma kada ya wuce mililita 120 a rana. Madarar shanu ko ta gwangwani wajen rabin lita ta isa. In ta yi yawa tana cika ciki, ga madarar shanu ba ta da isasshen sinadarin ƙarfen da jiki ke yin jini da shi. Ganyen shayi kuma yana hana hanji tsotse ɗan wanda ke cikin abinci. Ƙarancin jini na rage ci, rashin ci na ƙara ƙarancin jini, haka abin zai yi ta zagayawa.

Akwai wani tsohon gwaji da masu cewa a ƙyale yaro ya zaɓa ke yawan kawowa. A ƙarshen shekarun 1920 da cikin na 1930 wata likita a Amurka, Clara Davis, ta riƙa jera wa yara 15 da aka yaye abinci sama da iri 30 su ɗauki wanda suke so, ba mai cewa uffan. Kowanne da irin zaɓinsa, wani lokaci zaɓin ban dariya, amma duk suka girma lafiya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a tiren nata babu alawa, babu lemo, babu sukari. Nama ne da ƙwai da hatsi da ganye da 'ya'yan itace. Hikimar cikin yaro tana aiki ne in abin da ke gabansa duk na kirki ne.

Daga nan ne tsarin da wata masaniyar abinci, Ellyn Satter, ta shimfiɗa a shekarun 1980 ya samu karɓuwa, kuma a sauƙaƙe rabon aiki ne. Babba ke yanke abin da za a ci, da lokacin ci, da wurin ci. Yaro ke yanke ko zai ci, da yawan da zai ci. Rigima kan tashi ne in wani ya shiga gonar wani: uwa ta ce sai ya cinye, ko yaro ya ce sai dai a dafa masa taliya. A aikace, ci uku ko huɗu ne a rana da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu, tazarar awa biyu zuwa uku, tsakani kuma ruwa kawai. A zuba kaɗan, in ya cinye a ƙara. A haɗa da abu ɗaya da aka san yana ci. Bayan minti 20 ko 30 a ɗauke kwano ba faɗa ba gori, a jira lokaci na gaba. Barinsa da yunwa don ya horu ba ya cikin tsarin. Uwa na nan zaune kusa, tana taimaka masa, tana yi masa magana, tana sake miƙawa in ya juyo.

Baƙon abinci kuwa haƙuri yake so fiye da yadda yawancin iyaye ke yi. Bincike ya nuna yaro kan buƙaci a gabatar masa da abu sau 8 zuwa 15 kafin ya karɓa, mu kuwa daga sau uku an yanke hukunci cewa ba ya cin kabewa. Taɓawa, sansanawa, lasa a tofar, duk matakai ne na sabo. Ɓata jiki da dama abinci da hannu ma haka. Wani lokaci kuma ba abincin ne matsalar ba, yajin ne: miyar da aka zuba wa attaruhu daidai harshen manya wuta ce a bakin ɗan shekara biyu, sai a ɗebi tasa kafin a sa.

A nan al'adarmu tana da wani abu da Turawa ke nema da kuɗi, wato cin taro. Tun 1980 Birch ta nuna cewa in aka zaunar da yaro da sa'o'insa masu son kayan lambun da shi ba ya so, cikin kwana huɗu sai ya fara ɗaukar irin nasu. Ɗan yayen da ke ƙin ci a hannun uwarsa sau da yawa in ya ga yayyensa sun kewaye tire sai ya kutsa. Illar tiren ɗaya ce: manya sun fi shi hanzari, kafin ya kai loma uku an share, kuma babu mai iya cewa ga abin da ya ci. Mafita ita ce a zaunar da shi cikinsu amma da ɗan kwanonsa. Uba ma yana da rawar takawa fiye da sayo biskit. Yaro kan yi marmarin abin da ya ga yana fitowa daga kwanon Baba.

Tunda cikin ƙarami ne, dole kowace loma ta yi nauyi. Koko tsararo mai zuba kamar ruwa cika ciki kawai yake. Wanda ya dace shi ne mai kaurin da zai zauna a cokali, an sa masa ƙullin gyaɗa ko garin waken suya, ko madara, ko ɗan cokalin mai. Garin da ake kira Tom Brown, wanda ake koya wa mata haɗawa a sassan Arewa, ba wani abin kanti ba ne: hatsi mudu shida, waken suya uku, gyaɗa ɗaya, a soya a niƙa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga 'yan wata 6 zuwa 23 shi ne su samu aƙalla rukuni biyar cikin takwas na abinci a rana, nonon uwa na cikin lissafi. Alale, faten wake, dambun zogale, miyar kuka da garin busasshen kifi, kabewa, gwanda, mangwaro, kindirmo, duk a kasuwar ƙauye ake samunsu. Ƙwai kuma, wanda wasu ke hana yara wai kada su koyi sata, yana cikin mafi amfanin abin da za a ba su. Gyaɗa da aya ɗai-ɗai ne ba a ba ƙaramin yaro, saboda shaƙewa, a niƙa.

Sai batun yayen kansa, wanda shi ne mafarin ƙin ci a gidaje da yawa. Yadda aka saba, rana ɗaya ake shafa wa nono abu mai ɗaci, a ɗauki yaro a kai shi gidan kaka. A yini guda ya rasa abincin da ya fi sani da mutumin da ya fi so, sai ya yi zuciya ya ƙi komai. Abin ya fi tsanani in sabon ciki ne ya sa aka yi yayen ba shiri. Sunan da likitocin duniya ke kiran tamowa mai kumburi, kwashiorkor, daga harshen Ga na Ghana ya fito. Likita Cicely Williams ce ta shigar da shi rubutun likitanci a 1935, kuma ma'anarsa ciwon da babba ke kamuwa da shi in an yi masa ƙane. Yayen da ya fi sauƙi shi ne wanda aka fara shiri tun wata shida, yaro ya saba da abincin gida yana kan nono, sannan a riƙa rage shayarwa ɗaya bayan ɗaya cikin makonni. Shawarar lafiya da koyarwar addini sun haɗu a kan shekara biyu, kuma samun ciki ba ya mayar da nono guba.

Akwai 'yan ƙalilan da tasu ta wuce tsirfa. Yaron da abincinsa duka bai wuce iri biyar ko shida ba kuma kullum raguwa suke, wanda ke kakarin amai don ganin wani abinci ko jin ƙamshinsa, wanda ke tari ko ƙwarewa duk lokacin haɗiya, wannan likita yake buƙata. Tun 2013 likitoci suka ware wa irin wannan lalura suna, ARFID, kuma an fi ganinta a yara masu lalurar otizim. Duka da tsawa ba sa taɓa ta.

Ga sauran, waɗanda su ne mafi rinjaye, abin kan lafa da kansa yayin da suke girma, muddin ba a mayar da kwano filin daga ba. Uwar da ke cikin wannan hali a yau ta nemo katin awon da ta ajiye tun bayan allurar ƙyanda, ta kai yaron a ɗora shi a sikeli a auna damtsensa a wannan makon. In an ce yana kan layi, a rufe ledar biskit, a ajiye kwalbar kemis, a ba shi ɗan kwanonsa cikin 'yan'uwansa. In an ce ya sauka, kada a koma gida sai an ji dalili.